AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaya Ake Sa Tsohon Bidiyo Ya Daina Tsalle-tsalle?

Wasiƙar farko da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a unguwar Nasarawa da ke Kaduna, can ƙetaren kogi, wanda ya ce yana da shagon ɗaukar bidiyon biki da kuma juye tsofaffin kaset zuwa waya. Bayan gaisuwa, ya ce mutane na kawo masa kaset na aure da suna da saukar karatu, wasu tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. To amma idan ya juye su a kwamfuta sai ya ga tafiyar mutane tana fizga-fizga, ba sumul kamar yadda ya san ta a talabijin ba. Ya ce ya ji labarin akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke ƙara wa bidiyo "firem" har ya koma kamar jiya aka ɗauke shi. Shi ne yake so mu yi masa bayanin gaskiyar wannan abu, ko sai da intanet ake yinsa, kuma ko kwamfutarsa ta hannu za ta iya.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Abin da ka ji gaskiya ne, akwai irin waɗannan manhajoji, wasu ma kyauta ne, kuma suna aiki a cikin kwamfutar mutum ba tare da intanet ba. Sai dai muna zaton ciwon da ke damun kaset ɗinka daban ne, maganinsa kuma ya fi wannan sauƙi. Bari mu faro daga tushe.

Da farko dai, duk abin da kake kallo a majigi ko talabijin ko waya, jerin hotuna ne tsayayyu ake wuce maka da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Ka tuna yadda 'yan makaranta ke zana ɗan mutum a gefen shafukan littafi, su kaɗa shafukan da babban yatsa, sai ka ga yana gudu. To kowane shafi ɗaya shi ne abin da ku masu sana'ar kuke kira firem. Lokacin da 'yan'uwan nan biyu na ƙasar Faransa, su Lumière, suka fara nuna silima a 1895, hotuna wajen 16 suke wucewa a daƙiƙa guda, kuma da hannu ake murza kyamarar. Wannan ne ya sa idan aka nuna finafinan Cali na farko da injin da ya fi haka sauri, sai ka ga kowa na tafiya kamar an biyo shi. Da aka soma haɗa fim da murya a ƙarshen shekarun 1920, sai ya zama dole a tsaida gudu ɗaya, don in gudun ya canza murya ma ta canza. Aka tsaya a kan 24, saboda ya isa murya ta fita sosai, kuma bai cinye fim mai tsada da yawa ba. Har gobe yawancin finafinan silima a kan 24 suke.

Ita kuwa talabijin, wutar lantarki ta bi. A Ingila da Nijeriya da Nijar wuta na kai-komo sau 50 ne a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60. Saboda haka talabijin ɗinmu ta zauna a kan cikakkun hotuna 25, tasu kuma kusan 30. Tun da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, har zuwa su wasan Samanja da Magana Jari Ce, da finafinan Hausa na kaset da suka fara da Turmin Danya a 1990, duk a kan wannan ma'auni na 25 aka yi su. Kaset ɗin auren da ake kawo maka ma haka.

To a nan ne fa muke so ka kasa kunne da kyau. Wannan 25 da muka faɗa, a haƙiƙa 50 ne aka ninke. Hoton talabijin irin namu layuka ne kwance guda 576. Kyamarar bidiyo ta da ba ta ɗaukar su duka a lokaci guda. Takan ɗauki layi na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, sannan bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ta dawo ta ɗauki na 2 da na 4 da na 6. Wato kowane hoto rabi biyu ne aka saƙa su cikin juna, kuma tsakanin rabin farko da na biyu amarya ta riga ta ɗan motsa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna rabin nan ɗaya bayan ɗaya, don haka ido na ganin motsi sau 50 a daƙiƙa. Shi ya sa ka san kaset ɗin da laushi. Kwamfuta da waya ba haka suke ba, su gaba ɗaya suke nuna hoto. Idan manhajar da kake juyi da ita ba ta san aikinta ba, ko dai ta jefar da rabi ɗaya, motsi ya koma 25 yana fizga, ko kuma ta manne su wuri guda, ka riƙa ganin gefen mutum ya yi haƙora kamar matsefi duk lokacin da ya ɗaga hannu.

Ke nan mai yiwuwa laushin da kake nema yana nan kwance a cikin kaset, a wajen juyi ne ya zube. Abin yi shi ne ka sake juye kaset ɗin a cikakken girmansa, 720 da 576, ba tare da ka bar na'urar juyin ta taɓa rabin nan biyu ba. Sannan ka sa shi a manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, ka je sashen warware saƙar, ka zaɓi wurin da aka rubuta Bob, ka sa gudun a kan 50. Za ta mai da kowane rabi ya zama cikakken hoto. Akwai wata dabara da ake kira QTGMC da ta fi wannan fitar da hoto mai tsabta, sai dai saita ta na buƙatar zama da haƙuri. Ko wacce ka bi, motsi 50 ɗin da za ka samu na gaske ne, kyamara ce ta gan su ranar bikin. Mu a ganinmu duk mai shago irin naka ya kamata ya gwada wannan kafin ya nemi wata basira. Faifan DVD ma galibi yana riƙe da rabin nan biyu. Wanda ya lalace shi ne abin da aka riga aka mayar faifan VCD, don shi 352 da 288 ne kawai, rabi ɗayan ya tafi ke nan har abada. Haka kuma bidiyon ƙananan wayoyin da, masu ɗaukar hoto 15 ko ƙasa da haka a daƙiƙa. To irin waɗannan su ne ƙirƙirarriyar basira ke da abin yi a kansu.

Yadda take yi kuwa shi ne, ta ɗauki hoto biyu da ke bin juna, ta duba ina kowane ɗigo na hoton farko ya koma a na biyu. A ce hannun ango yana daidai aljihu a hoton farko, a na biyu ya kai ƙirji. Sai ta ce to a tsakiya yana wajen ciki, ta jawo hannun daga nan rabin hanya, ta jawo shi daga can rabin hanya, ta gauraya, ta cike gurbin da ya bari. Sabon hoto ya samu ke nan, a soka shi a tsakani. Koya mata aka yi kamar yadda malami ke yi wa ɗalibi jarrabawa. Aka tara dubun-dubatar guntayen bidiyo masu hoto uku-uku, a ɓoye na tsakiya, a ce ta zana shi, sannan a fito da na gaskiyar a gwada, a gyara mata inda ta kauce. Aka yi ta maimaitawa har hannunta ya faɗa. Wannan karatu an riga an gama shi a can inda aka ƙera ta. Abin da kake saukewa a kwamfutarka sakamakon karatun ne, shi ya sa da zarar ka sauke ba ka ƙara buƙatar data.

A 2018 kamfanin Nvidia ya fito da wata mai suna Super SloMo. A 2019 masu bincike a wata jami'a da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin suka fito da DAIN, wadda ke ƙoƙarin gane abin da ke kusa da abin da ke nesa a cikin hoto. Da ita ne wani mai suna Denis Shiryaev ya gyara tsohon fim ɗin nan na su Lumière na jirgin ƙasa yana shiga tasha, ya mai da shi hoto 60 a daƙiƙa, ya sa a YouTube a farkon 2020, duniya ta ɗauka. Sai dai DAIN akwai nauyin jiki. A ƙarshen 2020 wasu masu bincike a birnin Beijing suka fito da RIFE, wadda ta ninka ta sauri nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke cikin yawancin manhajojin kyauta da za ka ci karo da su. Mafi sauƙi ga mai Windows ita ce Flowframes: ka nuna mata bidiyo, ka ce ta ninka sau biyu, ka koma gefe. Akwai SVP da ke yin aikin nan take kana cikin kallo. Akwai kuma ta kamfanin Topaz, wadda ke haɗawa da ƙara wa hoto girma, amma ita da dala ake biya.

Yanzu sai mu zo inda take tuntuɓe, kuma abin takaici wuraren tuntuɓen nata su ne daidai abubuwan da suka cika bikinmu. Ka san na'urar ba ta san abin da ya faru ba, kintace take yi. Idan motsi a hankali ne kuma a fili, kamar amarya na takowa ko liman na ɗaga hannu wajen addu'a, kintacen kan yi daidai har ka rantse kyamara ce ta ɗauka. To amma ɗauki hannun makaɗin kalangu. A hoton farko makaɗi na sama, a na biyu ya riga ya buga ya dawo. Ina za ta ce ya bi? Sai ka ga hannun ya narke ko ya zama biyu. Haka kuɗin liƙi da ke tashi sama, haka babbar riga idan mai rawa ya juya, haka ƙafafun dawaki ranar hawan salla, inda wani lokaci za ka ƙirga wa doki ƙafa biyar ko shida. Idan wani ya gifta ta gaban kyamara, abin da ya rufe ba ya cikin hoto ɗaya daga cikin biyun, dole ta ƙaga, sai gefen mutumin ya riƙa rawa kamar kana hango shi ta saman garwashi. Walƙiyar masu hoto ma na rikita ta.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne atamfa. Zanen da ke maimaita kansa, fure kusa da fure iri ɗaya, yana sa na'urar ta kasa gane wane fure ne ya koma ina, sai ta kama na kusa da shi. Ka ga matan anko sun jeru su goma cikin atamfa ɗaya, irin wadda masaƙar UNTL ta maƙwabtanku ta yi suna a kanta, zanen na ta ninkaya a jikinsu alhali su a tsaye suke. Ƙarafan taga da ragar waya da rubutun kwanan wata da kyamarorin da ke bugawa a kusurwa, duk suna shan irin wannan wahala. Sannan wurin da aka yanke daga wani fage zuwa wani, in ba ka kunna mata gane yanka ba, za ta zana maka hoton da rabinsa fuskar ango ne rabinsa tukunyar abinci. Flowframes na da wurin kunna wannan, ka tabbata a kunne yake.

Kada kuma ka sa ran za ta wanke maka hoto. Fuskar da ta yi dishi-dishi a kaset haka za ta fito, sai dai ta riƙa motsi da laushi. Wannan wani aiki ne daban. In ma hoton na da yashi-yashi da yawa, gara a rage shi tukuna, don na'urar na ɗaukar yashin a matsayin abu mai motsi.

Ka ce ka ji ana maganar 60. A nan ka yi hattara da lissafi. Idan ka ninka 25 ya koma 50, rabin hotunan na asali ne, rabi na ƙage, suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Amma idan ka ce 25 ya koma 60, lissafin bai faɗa daidai ba. A cikin hotuna 60 na kowace daƙiƙa, guda 5 ne kacal ke faɗawa daidai kan lokacin da kyamara ta ɗauki hoto, sauran 55 duk zanen na'ura ne. Don haka abin da aka ɗauka a kan 25 a kai shi 50, wanda waya ta ɗauka a kan 30 a kai shi 60. Gaskiya ne allon wayoyi da yawa a kan 60 yake, kuma mai kaifin ido zai iya lura da ɗan ƙyaftawa idan an nuna 50 a kansa, amma wannan bai kai a musanya fuskokin mutane da zane ba. Murya kuwa ba ta canzawa, tun da tsawon bidiyon na nan yadda yake. Sai fa idan ka ƙara hotunan kuma ka bar gudun a 25, to nan komai zai koma tafiyar hawainiya, murya ta riga baki. Masu shirya fim da gangan suke yin haka idan suna son a ga abu a hankali.

Batun kwamfutarka kuma, ƙarfin aikin ba a kan babbar ƙwaƙwalwarta yake ba, a kan katin sarrafa hoto yake, wanda 'yan kasuwa ke ce wa girafik. Mai katin Nvidia ya fi kowa morewa, amma akwai samfurin RIFE da aka yi don ya yi aiki da na AMD da na Intel. Ga yadda za ka auna da kanka. Bidiyon awa ɗaya a kan 25 hotuna 90,000 ne, kuma ninka shi na nufin a zana sababbi 90,000. In ka gwada ka ga kwamfutarka na zana 10 a daƙiƙa, aikin awa biyu da rabi ne. In 2 take zanawa, awa goma sha biyu da rabi ne, ka ga kuwa wannan ya zama maganar man janareto. Saboda haka ka fara gwadawa da minti ɗaya, ka zaɓi wurin rawa, ba wurin ɗaurin aure ba, don a can ne aibin zai fito. Ka kuma yanka dogon bidiyo gunduwa-gunduwa, kamar minti goma-goma, yadda in an ɗauke wuta gunduwa ɗaya ka yi asara. Ka ɗaga kwamfutar daga kan tebur iska ta shiga ta ƙasa, musamman a watan Maris da Afrilu. Wasu manhajojin kuma sukan warware bidiyon zuwa hotuna ɗaiɗai su ajiye kafin su fara, don haka suna cin wuri sosai.

Akwai gidajen intanet da ke cewa ka turo musu su yi maka. Mu dai ba mu ba ka wannan shawara ba. Ban da kuɗin data, kaset ɗin biki amana ce. A ciki akwai matan mutane a cikin gida ranar kamu da wuni, akwai iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Mai kaset kai ya sani, kai ya ba, kuma da zarar ka tura shi wata ƙasa ba ka da iko a kan inda zai kwana. Babban amfanin manhajar da ke aiki a cikin shagonka ke nan.

Amana ta biyu ita ce ka gaya wa mai kaya abin da ka yi, kuma ka ba shi kwafi biyu, na asali da wanda aka gyara. Rabin hotunan da ke cikin gyararren ba su taɓa faruwa a gaban kyamara ba. Wajen kallon biki wannan ba komai, amma wajen shaida babban abu ne. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara da manhajar Topaz a wata shari'ar kisan kai, saboda abin da ke ciki ya haɗa da abin da na'ura ta ƙara. Don haka in wani ya kawo maka hoton kyamarar tsaro ta shagonsa ya ce ka gyara masa ya ga hannun ɓarawo, ka ce masa ya kai na asalin. Haka nan hotunan tarihi, irin na hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 ko na bikin FESTAC a 1977, duk wanda ya yi musu wannan kwalliya ya kamata ya rubuta a jiki cewa an yi.

Kuma Malam ka gaya wa mutanen unguwa su yi hanzari. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin kallon kaset na VHS, ya daina tun 2016. Kaset kuma na yin fumfuna da damina, zafi na cin sa. Wanda aka juye da kyau yau, ko bayan shekara goma aka sami manhajar da ta fi ta yanzu ana iya sake gyara shi.

Sai wasiƙa ta biyu, wadda ta yi kama da wannan, daga wata Hajiya a Tudun Wada, nan Kaduna. Ta ce tun da maigida ya sayo sabuwar talabijin mai faɗi, finafinan Indiya da ta saba kallo sun koma kamar wasan kwaikwayon da aka ɗauka a tsakar gida, ko talabijin ɗin jabu ce?

A'a Hajiya, talabijin ɗinki lafiyarta lau. Wannan aikin da muka gama bayani shi take yi nan take, tana cusa hotunan ƙage tsakanin 24 ɗin da aka ɗauki fim da su, kuma galibi a kunne ake sayar da ita. Yana da kyau wajen kallon ƙwallo, amma yana kashe wa fim kwarjini. Ba ke kaɗai abin ya dama ba, don a ƙarshen 2018 sai da ɗan wasan nan na Amurka, Tom Cruise, ya fito a wani ɗan gajeren bidiyo yana roƙon mutane su kashe shi in za su kalli fim. Ki sa yaro ya shiga wurin saita hoto. In LG ce ya nemi TruMotion, in Sony ce Motionflow, in Samsung ce Auto Motion Plus ko Picture Clarity, ya kashe. In kuma ya ga an rubuta Filmmaker Mode, wanda aka fara sa wa talabijin daga 2020, ya zaɓe shi kawai, shi zai kashe sauran. Ranar da maigida zai kalli ƙwallo sai ya mayar da abinsa.

Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.